An ce in tsokani Alhaji a bidiyo, ku duba min kafin in ja wa kaina

Bakanon Mile 12:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Shawara nake nema, kuma da gaggawa, don saura kwana tara. Maigidana a kasuwa, dillalin tumatir ne Bazazzagi, zai tattara ya koma gida bayan sama da shekara 30 a Legas. 'Ya'yansa sun kama ɗakin taro a Agege za a yi masa walimar bankwana. Babban ɗan ya ce kowa ya ɗauki gajeren bidiyo, za a haɗa a haska a majigi, daga baya a tura wa dangi a Zariya. Masu addu'a da masu yabo sun yi yawa, ni aka ɗora wa tsokana, wai tunda ni Bakano ne akwai wasa tsakaninmu. Na rubuta shafi uku. Jiya da dare na jingina waya na karanta, da na kalla sai na ga kamar mai sanarwar rasuwa. Ga kaɗan daga ciki:

"Alhaji ya sauka daga jirgin ƙasa a Iddo a 1994, ya ce wa ɗan dakon da ya ɗaukar masa jaka kada ya yi nisa, bayan Sallah zai koma. Ɗan dakon nan yanzu jika gare shi."

"Yarbancin Alhaji bai wuce magana biyu ba. In zai saya, elo ni. In an zo karɓa, ko si owo."

"Wayar Alhaji ƙyauro uku ne ke riƙe da ita. Ɓarayin Oshodi sun taɓa zare ta, suka biyo shi suka mayar masa, har da kuɗin mota."

Ga wanda ba ya jin Yarbanci, elo ni na nufin nawa ne, ko si owo kuma babu kuɗi. Sai wani wuri da na taɓo sanƙonsa, da shekarar da tsutsar sharon ta cinye tumatir ya koma cin bashin shayi, da matarsa ta biyu da ta tafi ta bar shi. Me za ku ce?

Baban Zango:
Wa alaikumus salam. Ɗana, kafin a zo kan wace magana ce ta yi daɗi, ni tambaya gare ni. Yaushe yaron gida ya fara tsokanar maigidansa a bainar jama'a? Mutumin da ya raba ka da ɗaukar kwando ya ba ka rumfa? Da jikansa ne kai sai in ce wasan jika da kaka ne. Da taubashinsa ne kai ko uffan ba zan ce ba. Ka yi masa addu'a ka zauna.

Ɗan Gobir na Alaba Rago:
Baba a gafarce ni, amma wasan Kanawa da Zagezagi bai san furfura ba. Ni Bagobiri ne, akwai wani tsoho Bayarabe da ke sayen raguna a wurina duk Babbar Sallah, ya isa ya haifi ubana. Da ya doso turke zan ce ga bawana nan ya iso, shi kuma ya ce wa yaransa su riƙe aljihu ga ɓarawon Gobir. A haka za mu gama ciniki. Shekarar da na yi masa gaisuwar mutunci, sai da ya ja ni gefe ya tambaye ni ko wani abu ya faru a gida. Haka Katsinawa da Haɗejawa suke, haka Fulani da Barebari. A Kano ma Nalako ba ya tambayar shekarun gwauro kafin ya tashe shi da azumi.

Baban Zango:
Duk wanda ka lissafa a bakin turke ne ko a zaure. An faɗa, an yi dariya, iska ta kwashe. Ita kyamara ba ta mantuwa. Gobe surukin Alhaji zai gani a Zariya, jibi wani da bai san akwai wasa ba zai gani a wayar wani, abin da zai gani shi ne yaro na ci wa dattijo fuska. Tsohonka Bayarabe ya san kai waye. Wayar mutane ba ta san ka ba.

Direban Apapa:
Maganar Baba ta tuna min abin da ya same ni, har yau in na tuna sai in ji kunya. A bikin abokina a Ikorodu aka miƙa min abin magana. Mun yi zaman ɗaki ɗaya da ango shekara shida, na san shi ciki da bai. Na yi magana ta kusan minti biyar, yawanci yabo ne, amma a tsakiya na ce wannan ce amarya ta farko da ta yarda ta kai har ranar ɗaurin aure, sauran duk a sa rana suke tserewa. Wurin ya ɗauki shewa, ango har da riƙe ciki. Ashe wata ta ɗauka. Ta yanke wannan guntun kaɗai, bai fi daƙiƙa ashirin ba, ta sa a TikTok. Kafin amarya ta yi kwana bakwai ya isa wurin kawunanta. Su ba su ga yabon ba, ba su ga ango na dariya ba. Abin da suka ji shi ne an ba 'yarsu mutumin da mata ke gudu. Sai da na ajiye mota na rasa lodi guda, na nemi dattijai biyu muka je da goro ba da haƙuri. Kawun nata bai ɗaga kai ya dube ni ba har muka tashi.

Don haka ƙanena, kowace magana ka ɗauke ta ita kaɗai ka duba, kamar ba abin da ke gabanta ba abin da ke bayanta. In an yanko ta ita kaɗai za ta iya tsayawa? In ba za ta iya ba, cire ta.

Hajiya Mai Atamfa, Balogun:
Ni dai maganar matar nan ce ta tsaya min a rai. Kai yaro, ka san 'ya'yan da ta haifa masa suna cikin ɗakin taron nan kuwa? Za su zauna suna kallon ana yi wa uwarsu dariya a jikin bango, ga uwargida a gefe kowa na satar kallonta ya ga yadda fuskarta za ta yi. Ku maza in kuna wasanku ba kwa lissafa wanda ke zaune bayan labule. Matar ba ta wurin, ba ta ce a yi wasa da ita ba, ba kuma Bazazzagiya ba ce balle ka ce akwai wasa. Goge.

Bakanon Mile 12:
Na goge, Hajiya. Wallahi ban kawo yaran a raina ba.

Ɗalibar Akoka:
Yaya, abin nan da aka sa ka a Amurka sana'a ce guda. Sunan da suke kiransa ma'anarsa gashi irin na nama, wato a zaunar da mutum a kujera abokansa su yi ta gasa shi ɗaya bayan ɗaya, a ƙarshe shi ma ya tashi ya rama. Tashar Comedy Central ta yi shekaru tana yi a baya. Amma ko su da suka ƙware suna ƙonewa. A 2024 Netflix ta yi wa Tom Brady, tsohon ɗan wasan ƙwallon Amurka. Ya zauna ya sha dariya, daga baya ya fito ya ce ba zai sake ba saboda yadda abin ya taɓa 'ya'yansa, don an yi ta jan maganar rabuwarsa da matarsa. Daidai abin da Hajiya ta faɗa ke nan. Batun sanƙo kuma, ku tuna bikin kyaututtukan fim na Oska na 2022, ɗan barkwanci Chris Rock ya yi wasa da askin matar Will Smith, alhali ciwon zubewar gashi ke damunta. Mijin ya hau dandamali ya kwaɗa masa mari duniya na kallo, aka hana shi halartar bikin shekara 10.

Ɗan Gobir na Alaba Rago:
Haba 'yar makaranta, sanƙon dattijo ai ba ciwo ba ne. Mu nan alamar kuɗi muke ce masa.

Ɗalibar Akoka:
Kawu, ya danganta da mai sanƙon. Akwai wanda zai cire hula da kansa ya shafa yana dariya, akwai wanda ko matarsa ba ta cika ganin kansa ba. Yaya ne ya san wane iri ne Alhaji.

Bakanon Mile 12:
Shekarata goma sha ɗaya tare da shi, sau biyu na ga kansa, duka wurin alwala, kuma da sauri yake mayar da hular. To, na gane. Shi ma ya fita.

Baban Zango:
Tunda ka ƙi jin tawa ka fasa, to ji wannan. Sharon ɗin da kake son yi wa dariya, 2016 ke nan. Ina kasuwar nan lokacin. Tsutsar ta bi gonakin Kaduna da Kano da Katsina ta lashe, har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir. Dillalai da yawa sun riga sun tura wa manoma kuɗin taki da na iri, ba tumatir ba kuɗi. Na san wanda ya sayar da filinsa, na san wanda hawan jini ya kama tun daga lokacin bai sake miƙewa ba. Kai kana ganin bashin shayi ne. Shi ya san abin da ya sayar kafin ya biya ku kuɗin aikinku a shekarar. Ba duk abin da ya wuce ne ya huce ba.

Bakanon Mile 12:
Allah ya huci zuciyar Baba. Gaskiya bai taɓa tsallake mana ko mako ɗaya ba a shekarar. An cire.

Malamin Idi-Araba:
Assalamu alaikum. Na bi maganganun tun daga sama. Raha halal ce, Manzon Allah (SAW) ya yi raha da sahabbansa, amma ba ya faɗar komai sai gaskiya. Wani ya roƙe shi abin hawa ya ce zai ɗora shi a kan ɗan taguwa. Mutumin ya ce me zai yi da ɗan taguwa, sai ya nuna masa ai kowane raƙumi taguwa ce ta haife shi. Ka ga an yi dariya, ba a yi ƙarya ba, ba a muzanta kowa ba. Aya ta 11 a Suratul Hujurat ta hana izgili da aibata juna da jifa da miyagun laƙabobi, wannan ya rufe batun sanƙo da na iyali. Abin da ya rage min shi ne labarin ɓarayin Oshodi. Ya faru? In bai faru ba, akwai hadisi a Abu Dawud da Tirmizi da ya yi gargaɗi mai tsanani ga wanda ke ƙarya don ya ba mutane dariya.

Ɗalibar Akoka:
Allah gafarta Malam, amma wa zai ɗauka da gaske ɓarawo ya dawo da waya har da kuɗin mota? Kowa ya san zuguguwa ce. Ai 'yan kama ma haka suke yi, su zauna kamar masu wa'azi suna jawo baki a kan tuwo da miya, ba wanda ya ce labari suke bayarwa. In aka hana kambamawa ai barkwanci ya mutu.

Malamin Idi-Araba:
'Yata, na san akwai masu sassautawa ga abin da kowa ya san ba labari ake bayarwa ba, ban kuma ce yaron nan ya yi zunubi ba. Amma shi da sunan mutum zai faɗa, da sunan wuri, a bidiyon da zai yi yawo. Ni shawarata ya tona ƙwaƙwalwarsa. Wanda ya yi shekara goma sha ɗaya da mutum ba zai rasa abin da ya faru da gaske ba, kuma na gaske ya fi sa dariya, don rabin ɗakin sun shaida.

Bakanon Mile 12:
Malam ka tuna min! Akwai ranar da ɗansa ya saya masa babbar waya mai shafawa. Ya karɓa ya sa albarka. Bayan kwana uku na ɗaga labulen rumfa na same ta a kan buhu, ya ɗora ta a kan rasiɗai don kada iska ta kwashe. Tsohuwar kuma tana aljihun gaba da ƙyauronta. Wannan yaran rumfa duka sun gani.

Direban Apapa:
Hahaha! Wannan ta fi ta ɓarayin sau goma.

Ɗalibar Akoka:
To Malam, a wannan karon na sallama. Amma ɗan dako mai jika fa?

Malamin Idi-Araba:
Ya ce "da ɗan dakon nan zai jira, da yanzu ya yi jika". An tsira, dariyar ma ba ta ragu ba.

Hajiya Mai Atamfa, Balogun:
Ka lura da waɗanda suka rage? Duk abubuwan da shi Alhajin da kansa zai iya faɗa a kan kansa ne yana murmushi. Rowar da mutum ke yi wa kansa abin dariya ce, wadda yake yi wa mutane abin kunya ce. To in ka gama da wayar, ka juya ta. Mutumin da ya ƙi sauya waya, yara nawa ya ɗauke wa kuɗin makaranta? Wa ya yi wa aure a cikinku? A nan za ka sauke, kada ka bar shi a gashe. Kuma ka fara da kanka, ka faɗi wautar da ka tafka ranar da ka fara aiki, don a san ba daga sama kake kallonsa ba.

Mai Kyamara Agege:
Na bari ku gama da rubutun tukuna. Ni aikina ɗaukar biki ne, bari in faɗi abin da ke kashe irin wannan bidiyon.

Shafi uku ya yi yawa. Minti biyu, in ka matsa biyu da rabi. Mutane na jiran abinci.

Dalilin da ya sa ka ga kanka kamar mai sanarwar rasuwa shi ne karantawa kake yi, kuma bango kake yi wa magana. Barkwanci ba ya tashi sai da fuskar mutum. Ka samo abokinka mai saurin dariya ka tsayar da shi daidai bayan wayar, shi za ka ba labarin. Takardar kuma ka ajiye ta. Ka samu kwali ka rubuta kalma ɗaya ɗaya da manyan baƙaƙe, Iddo, Yarbanci, waya, makaranta, ya riƙe maka a ƙirjinsa. In kai kaɗai ne, idon kyamarar za ka kalla, wannan ɗan ɗigon baƙin, ba fuskarka da ke kan gilashi ba. Wanda ke kallon kansa a majigi sai ya fito kamar marar gaskiya.

Babban abin da 'yan koyo ba su sani ba shi ne shiru. Lokacin da kake ɗauka ba mai dariya, sai ka ji shirun ya yi maka nauyi ka yi sauri ka faɗa ta gaba. Amma ranar walima ɗakin zai fashe da dariya, bidiyo kuma ba ya jira, sai dariyar farko ta danne magana ta biyu ba wanda ya ji. Duk inda ka saki magana ka tsaya, ka ƙirga uku a zuci, fuskarka a ɗaure kamar ba kai ka faɗa ba. Kada ka riga mutane dariya. Kalmar da ke ɗauke da dariyar kuma ita ce ta ƙarshe a bakinka. Yadda ka rubuta ta Yarbancin daidai ne, ka tsaya cak a kan "ko si owo", kada ka ƙara "haka yake cewa" ko wani bayani.

Sauran ƙanana ne. Kwantar da wayar za ka yi tunda majigi ne, kada ka tsayar da ita. Ta zo daidai idonka, ko kwanduna ne ka jera ka ɗora. Haske ya fuskance ka, kada ka ba ƙofa baya ka fito baƙi ƙirin kamar inuwa. Goge idon kyamarar da gefen riga. Rufe layin don kada kira ya katse ka. In za ka tura ta WhatsApp ka tura a matsayin fayil, in ba haka ba zai matse shi ya dushe.

Bakanon Mile 12:
Na so in ɗauka a cikin rumfa don a ga kwandunan.

Mai Kyamara Agege:
A Mile 12? Da ƙarar tireloli da 'yan dako na ihun a ba su hanya da janareton maƙwabta? Mutane za su yafe maka hoto marar kyau, ba za su yafe maka sautin da ba sa ji ba. In dole sai rumfa, ka nemi lokacin da kasuwa ta lafa, ka sa abin sauraren kunne mai makirfo ka maƙala shi kusa da wuyan riga. Ka ɗauka sau biyar ko shida, yawanci na huɗu ne ke yin kyau, lokacin ka gaji da tsoro. Kuma ka fara yau, ba a fafe gora ranar tafiya.

Hajiya Mai Atamfa, Balogun:
In ka gama ka nuna wa Alhaji kafin ranar.

Mai Kyamara Agege:
A'a Hajiya, in ya gani ai an kashe abin. Daɗin shi ne a ga fuskarsa lokacin da maganar ta same shi ba shiri. Ni wannan fuskar nake jira da kyamarata.

Hajiya Mai Atamfa, Balogun:
Kai fuska kake nema, ni mutuncin dattijo nake dubawa. In maganar ta yi masa zafi a gaban surukansa, kyamararka ce za ta mayar?

Baban Zango:
Ku raba ta biyu. Kada a nuna masa, amma a gaya masa yaronsa Bakano zai taɓa shi, a ji me zai ce. Bidiyon kuma babban ɗan ya kai wa uwargida ta gani. Abin da ta ce a cire, a cire ba musu. Ita ta san inda ɗakin ke yoyo. Har yanzu dai ban ce na yarda da wannan al'ada ba.

Bakanon Mile 12:
Jama'a ga yadda aka kwana. Na ɗauka sau bakwai, minti biyu da daƙiƙa ashirin. Na fara da ranar da na fara aiki na zauna a kan kwandon tumatir ina tsammanin kujera ce. Uwargida ta gani, ɗan ya ce ta yi dariya har da hawaye a wurin wayar da rasiɗai, ta kuma aiko a ƙara cewa in mota ta hau gadar Third Mainland, Alhaji rufe ido yake yi yana Ayatul Kursiyyu har a sauka. Abu ɗaya ta ce a cire, inda na faɗi adadin yaran da yake biya wa makaranta, wai ba ya son a sani. Na mayar da shi "wasu yara".

Da aka gaya wa Alhaji zan taɓa shi, sai ya ce ba komai, amma a ba shi abin magana minti biyar bayan nawa, yana da labarin wani Bakano da ya yi kuka a Ojota ranar da kwandasta ya gudu da canjinsa.

Ɗan Gobir na Alaba Rago:
Ka shiga uku! Mai Kyamara, don Allah wannan ɓangaren nake so.

Ɗalibar Akoka:
Yaya, yaya walimar ta kasance? Kwana biyu shiru.

Bakanon Mile 12:
An yi lafiya ƙanwata, ɗaki ya cika. Shirun da Mai Kyamara ya ce in bari ma bai isa ba, dariyar Iddo ta cinye farkon ta Yarbancin. Alhaji ya rama, ba zan maimaita ba. Baba ma na hango shi a layin gaba yana rufe baki da hannun riga.

Baban Zango:
Tari ne ya kama ni.

Direban Apapa:
To yaushe tafiyar? In akwai kaya ina da lodin Kaduna ranar Laraba.

Bakanon Mile 12:
Ka yi tafiyarka, Yaya. Da safen nan na same shi a rumfa yana ƙirga kwanduna. Wai akwai bashin da bai gama karɓa ba, sai bayan Sallah.